Gida Mai Taya Ma Yana Bukatar Zango



Kwanakin baya, bayan sallar isha'i, muna zaune a ƙofar gidan dattijon da muke yi wa hidimar rubutu a nan zangon Kumasi, sai wasu samari uku suka haɗa kai a kan wayar ɗayansu, suna kallo suna jinjina kai. Da muka tambayi abin da ya ɗauke musu hankali, sai suka miƙo mana wayar. Bidiyo ne na wani Ba'amurke da matarsa, sun tsayar da wata doguwar mota a bakin tafki, duwatsu a bayansu. Matar tana dafa shayi a kan ɗan murhun gas da ke cikin motar, mijin kuma yana bayanin cewa sun daɗe rabonsu da biyan kuɗin haya, domin motar nan ita ce gidansu, inda dare ya yi musu nan suke kwana. Ɗaya daga cikin samarin, wanda mai gidan hayarsa ya matsa wa lamba da neman kuɗin shekara 2 a dunƙule, ya ce lalle wannan ita ce rayuwa, babu mai gida, babu maƙwabci mai sa ido.

Dattijo ya karɓi wayar ya kalla har ƙarshe, sa'an nan ya mayar, ya ce: "Yara, na ga gado, na ga murhu. To ina suke samun ruwa, kuma ina suke zubar da abin da ya fita daga jikinsu? In ɗayansu ya kwanta ciwo a bakin tafkin nan, wa zai leƙa shi?" Ba wanda ya amsa. Mu ne muka ɗauki alkawarin bin diddigin al'amarin, abin da muka tarar kuwa muka ga ya cancanci a kawo shi gabanku, domin yaranmu da yawa suna kallon irin waɗannan hotuna, kuma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Ra'ayinmu a taƙaice shi ne, mutum ko ya ɗauki ɗakinsa a baya kamar kunkuru, da arzikin mazauna yake rayuwa, kuma Amurkawan da suka fi daɗewa a kan hanya su ne suka fi kowa sanin haka.

Wannan mota Amurkawa suna kiranta da haruffa biyu, RV, ma'anarsu motar shaƙatawa. Sunan kansa ya nuna cewa an ƙera ta ne domin hutun mako ɗaya ko biyu, zaman dindindin kuwa mutane ne suka ɗora mata daga baya. Akwai mai girman bas ɗin safa, tsawonta ya kai mita 12, da falo da kicin da banɗaki. Akwai ɗakin da ake ja da wata mota kamar tirela. Akwai kuma ƙaramar motar ɗaukar kaya da mai ita ya gyara cikinta da hannunsa, ya kafa katako ya ɗora katifa. Mafi yawan waɗanda kamfanoni ke ƙerawa daga yankin Elkhart na jihar Indiyana suke fitowa, kuma a shekarar 2021, lokacin da annobar korona ta sa mutane gudun otal da jirgin sama, kamfanonin sun fitar da kimanin 600,000 a shekara guda. Al'adar ta daɗe a ƙasar, domin tun a 1919 masu yawo da mota suna kwana a cikinta suka kafa ƙungiyarsu ta farko a garin Tampa na jihar Florida.

Masu zama a cikinta dare da rana, shekara da shekaru, kashi biyu ne, ko da yake daga nesa kamanninsu ɗaya. Kashi na farko zaɓi suka yi: tsofaffin da suka yi ritaya da fansho mai kauri suka sayar da gida domin su zaga ƙasarsu kafin ƙarfi ya ƙare, da matasa masu aiki ta intanet waɗanda kwamfuta ce ofishinsu. Su ne aka fi gani a bidiyo. Kashi na biyu kuwa tura ce ta kai bango. Rushewar kasuwar gidaje ta 2008 ta raba miliyoyin Amurkawa da gidajen da suka saya da bashin banki, wasu kuma suka wayi gari kuɗin tsufan da gwamnati ke ba su bai isa hayar ɗaki ɗaya ba. 'Yar jarida Jessica Bruder ta bi irin waɗannan mutane shekaru, ta rubuta littafin Nomadland a 2017, aka mayar da shi fim wanda ya ci babbar kyautar Oscar a 2021. Fim ɗin ya fara ne da garin Empire na jihar Nebada, gari na gaske, wanda kamfanin da ya mallake shi ya rufe ma'adinarsa a 2011, mutane suka watse, har hukuma ta soke lambar gidan wayar garin.

Mu fara da tambayar dattijo, wato ruwa. Motar tana da tanki uku a ƙarƙashinta: na ruwa mai tsabta, na ruwan wanka da wanke-wanke, da na bayan gida. A matsakaiciyar mota, tankin ruwa mai tsabta bai cika wuce lita 200 ba, kwatankwacin duro guda, kuma da shi za a sha, a dafa, a yi wanka, a kora masai. Saboda haka wanka ya zama lissafi: a jiƙa jiki a kashe famfo, a shafa sabulu, a buɗe a ɗauraye da hanzari. Mu da muke tsarki da ruwa, muke alwala sau biyar a yini, mun san kwana nawa duro guda zai yi wa miji da mata. Idan tankin bayan gida ya cika, tilas a tuƙa gidan baki ɗaya zuwa wurin da aka tanada domin juyewa, mai motar ya sa safar hannu, ya haɗa mesa, ya tsaya a kanta har ta gama, sau da yawa ya biya kuɗi. Wannan aiki na kowane mako ne, kuma ba a cika ɗaukarsa a bidiyo ba. Masu ƙananan motoci ba su da ko tankin, bokiti ne da leda, wanka kuma da yawansu rajista suke yi a gidajen motsa jiki domin su samu banɗaki kawai. Kowane famfo da suka ɗiba, kowane ramin da suka juye a ciki, wani mazauni ne ya haƙa shi, yake kuma kula da shi.

Sai wurin kwana, wanda shi ne tunanin matafiyi tun daga la'asar. Akwai filayen haya da aka shirya domin waɗannan motoci, inda ake jona musu wutar lantarki da ruwa da bututun ƙazanta, amma dare guda dala gommai ne, in an haɗa na wata sai ya kusa hayar ɗaki a ƙaramin gari. Wasu daga cikin filayen ma ba sa karɓar motar da ta haura shekara 10, wai kada ta ɓata musu kyan wuri, ka ga talaka mai tsohuwar mota an rufe masa ƙofa tun daga nan. A yammacin ƙasar akwai dazuzzuka da hamadar gwamnatin tarayya inda ake kwana kyauta, sai dai ƙa'idar mafi yawansu kwana 14 ne, daga nan ka tattara ka yi gaba, kuma babu ruwa babu wuta, sai abin da ka zo da shi da abin da farantin hasken rana ya tara maka. A cikin gari wasu kan raɓe a filin ajiye motoci na manyan kantuna irin Walmart, in manajan wurin ya yarda kuma dokar garin ba ta hana ba. Garuruwa da dama sun hana, kuma a watan Yuni na 2024 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar garin Grants Pass cewa hukumomin gari suna da ikon hukunta masu kwana a filayen jama'a. Shi ya sa mazauna mota suke da wani abu guda da suke tsoro, har ya zama abin hira a tsakaninsu, wato ƙwanƙwasa gilashi da tsakar dare, ɗan sanda ko mai gadi ya ce tashi ka bar nan. Wanda ya guje wa mai gida ɗaya ya koma neman izinin masu wuri daban-daban kowane dare.

Yanayi ma ba ya raga musu. Bangon motar siriri ne, sanyi da zafi suna ratsa shi. A arewacin ƙasar, lokacin hunturu ruwa kan daskare a cikin bututu ya fasa shi, mai hura gas domin ɗumama ɗaki kuma dole ya yi hattara da wata iskar guba marar wari da ke kashe mutum cikin barci. A hamadar Arizona kuwa zafin bazara kan haura digiri 40, motar ta zama tanda. Don haka suke ƙaura da yanayi kamar makiyaya, hunturu a kudu, bazara a arewa ko a kan tuddai. Ƙaurar kuma mai take ci, domin babbar mota irin ta safa tana shan kimanin lita 30 a kowace kilomita 100. Duk ranar da farashin mai ya tashi, 'yancin tafiyar da ake taƙama da shi sai ya ragu daidai gwargwado, mutum ya zauna wuri guda yana jiran ƙarshen wata.

Sa'an nan ga lalacewa. Gidan da ake girgizawa a kan hanya kullum, ƙusoshinsa na kwancewa, rufinsa na tsagewa ya fara yoyo, firjinsa da famfonsa na mutuwa. Mai gida na ƙasa in motarsa ta lalace yakan bar ta wurin bakanike ya koma ɗakinsa ya kwanta. Mazaunin mota kuwa in inji ya buga, gadonsa da tukunyarsa da takardunsa duk sun shiga gareji tare, shi kuma ya nemi otal ko ya roƙi bakanike ya bar shi ya kwana a harabar, wani lokaci makonni ana jiran kayan gyara. Wani abin lura kuma, gidan ƙasa yawanci darajarsa ƙaruwa take yi da shekaru, mota kuwa tun ranar da ta bar wurin dillali take raguwa. Wanda ya sayar da gida ya sayi mota, bayan shekara 10 in ya so komawa, abin da ke hannunsa ba zai mayar da shi inda ya fito ba. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Abin da ya fi jan hankalinmu, saboda irin aikin da muke yi, shi ne batun adireshi. Hukuma ba ta san mutumin da ba shi da mazauni ba. Lasin tuƙi, rajistar mota, inshora, asusun banki, katin zaɓe, duk sai an rubuta jiha da gari da titi. Saboda haka mazauna mota suke zaɓen wata jiha su ce nan ne gida, ko da ba sa kwana a cikinta, kuma jihohi uku suka fi zaɓa domin ba sa karɓar harajin kuɗin shiga: Dakota ta Kudu, da Teksas, da Florida. A Dakota ta Kudu, rasidin kwana ɗaya a masauki yana cikin abin da ake nunawa a samu lasin tuƙi. A garin Livingston na Teksas kuma akwai ƙungiyar Escapees, wadda Joe Peterson da matarsa Kay suka kafa a 1978, tana karɓar wasiƙun dubban matafiya, ta adana, ta aika wa kowa inda ya ce yake. Dubban mutane ke nan da adireshinsu yake kan titi guda. Da muka karanta wannan sai muka yi murmushi, domin akwatin gidan waya na dattijonmu shekaru da dama haka ya yi aiki. Wasiƙar ɗan Sakkwato da ta ɗan Damagaram da ta ɗan Yamai duk a hannunmu suke sauka, mu ajiye har mai ita ya dawo daga daji ko daga bakin teku. Baƙon da hukuma ta nemi wanda ya san shi, mu ne muke rubuta masa takardar shaida. Ashe ƙasa mai tarin motoci kamar Amurka ita ma sai da matafiyanta suka nemi mai karɓa musu saƙo.

Kashi na biyun nan da muka ambata, su ba su da fansho mai kauri, dole su yi aiki a kan hanya. A 2008 kamfanin Amazon ya buɗe wani shiri mai suna CamperForce, wanda daga baya ya daina shi, a lokacin yana ɗaukar mazauna mota aikin wucin gadi a manyan rumbunansa gab da bukukuwan ƙarshen shekara, ya biya musu filin ajiye mota, su kuma su yini ko su kwana a tsaye awa 10 suna ɗauko kaya suna jerawa, da yawansu sun haura shekara 60. A watan Oktoba wasu kan nufi Dakota ta Arewa da Minnesota girbin wani dankalin da ake yin sukari da shi, awa 12 cikin sanyi. Da bazara wasu su zama masu gadin filayen shaƙatawa, suna share banɗaki a ba su wurin tsayawa. Wannan salo ba baƙo ba ne a tarihinmu. Kakannin Hausawan Sudan haka suka yi tafiyar hajji a ƙasa, su yi noma ko ɗinki a wannan gari su tara guzuri su ƙara gaba, da yawansu suka yi aikin auduga a gonakin Jazira, wasu suka shekara goma a hanya, wasu kuma can suka zauna har jikoki. Bambancin shi ne su suna da inda suka nufa, kuma duk inda suka sauka akwai 'yan'uwa da suka riga su.

Tambayar dattijo ta biyu, ta ciwo, ita ce mafi nauyi. A Amurka magani da inshora ake yinsa, inshorar masu ƙaramin ƙarfi kuma a ɗaure take da jiha, mutum na iya samun kansa a Arizona alhali likitocin da takardarsa ta amince da su suna Teksas. Mai hawan jini ko ciwon sukari da ke bukatar likita guda ya riƙa bibiyarsa, yau yana nan gobe yana can. Ido kan raunana, gwiwa kan ƙi hawa matakala, wata rana hannu ba zai iya juya sitiyarin babbar mota ba. Ƙungiyar Escapees da kanta ta gane haka, ta buɗe wata cibiya a Livingston inda matafiyan da tsufa ko jinya ta tsayar suke ajiye motocinsu su ci gaba da kwana a ciki, ana dafa musu abinci, ana kai su asibiti. Komai nisan jifa, ƙasa zai faɗo.

A nan ne muke ganin hujjarmu mafi ƙarfi, domin su da kansu suka kawo ta. A hamadar Arizona akwai wani ƙaramin gari, Quartzsite, mazaunansa na dindindin ba su kai 3,000 ba, amma da hunturu dubban ɗaruruwan matafiya ke sauka a kewayensa, gwamnati ta ware musu fili da za su iya zama daga tsakiyar Satumba zuwa tsakiyar Afrilu da izini guda, da wurin ɗiban ruwa da na juye ƙazanta. A can ne wani mutum mai suna Bob Wells, wanda ya fara kwana a mota a Alaska a 1995 bayan aurensa ya mutu kuɗi suka yi masa ƙaranci, ya kira taron mazauna mota na farko a watan Janairun 2011. Mutum 45 suka zo. Cikin 'yan shekaru taron ya kai dubbai. Abin da ake yi a wurin shi ne tsofaffin hannu su koya wa sababbi yadda ake haɗa farantin hasken rana, da liƙe taya, da inda ake samun aiki, da inda ɗan sanda ba ya kora. Mai abin da ya yi masa yawa ya ajiye, mai bukata ya ɗauka. Mata masu tafiya su kaɗai su haɗa jerin gwano domin tsaro. Duk wanda ya tashi a cikinmu ya san sunan wannan abu. Zango ne, sun sake gina shi da hannunsu bayan sun gwada zaman kaɗaici sun ga bai ɗore ba.

Kakanninmu da suka yi fataucin goro tsakanin Kano da Gwanja sun san hanya fiye da kowane mai bidiyo. Watanni suke yi a tafe da jakuna, su sayar da kanwa da tufafi da fatu a Salaga, su ɗauko goro su juya. Amma ba a taɓa jin bafatake mai hankali ya kama hanyar nan shi kaɗai ba. Ayari ake yi, da madugu mai yanke shawara da sasantawa da sarakunan hanya kan kuɗin fito, da jagaba mai sanin inda ruwa yake, da malami mai rubutu da duba ranar tashi. Kowace tafiyar yini tana ƙarewa a zango, kowane babban gari kuma akwai mai masauki da zai ba baƙo ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa in rigima ta taso, in ajali ya riske shi ya yi masa sutura ya aika wa danginsa da abin da ya bari. Da yaƙin basasar 1892 ya watsa Salaga, fatake suka bazu zuwa Karachi da Yeji da Kintampo da Kumasi, kuma abin da suka fara kafawa a ko'ina shi ne wannan tsari. Unguwannin da muke zaune a cikinsu yau sunan wurin saukar ayari suke amsawa. Mutanen hanya ne suka haife mu, don haka ba mu da bakin raina matafiyi. Abin da muka gada daga gare su shi ne sanin cewa tafiya aikin jama'a ce, rabinta a kan masu tafiya, rabinta a kan masu jiransu.

Adalci ya wajaba mu faɗi abin da yake daidai a rayuwar waɗannan mutane. Wanda ya rage kayansa har suka shiga mota guda ya koyi ƙana'ar da yawancinmu muke wa'azinta ba mu aikata ta. Wanda ya zaɓi tsohuwar mota a kan ya ci bashin ruwa na shekara 30 yana da hujjar da ba za a yi watsi da ita ba. Dattijuwar da haya ta fi ƙarfinta, motar da take kullewa daga ciki ta fi mata kwanan titi mutunci da aminci nesa ba kusa ba, shi ya sa da yawansu ba sa yarda a kira su marasa gida. Tafiya kuma mabuɗin ilimi ce, wanda ya ga hamada da teku da dusar ƙanƙara a shekara guda ya ga ayoyin da na zaune bai gani ba. Ba mu musun ko ɗaya daga cikin waɗannan. Abin da muke ƙi shi ne a ɗauki dabarar da mutum ya yi domin ya tsira daga tsadar muhalli a yi mata kwalliya a sayar wa yaranmu a matsayin mafarki. Ƙasar da dattijo mai shekara 70 zai kwana yana jera kwalaye a rumbu, da asuba ya koma mota a filin ajiye motoci, akwai abin da ya karye a tsarinta, kuma kyan faɗuwar rana a bakin tafki ba ya gyara shi.

Ba kuma za mu nuna Amurka da yatsa mu manta da namu ba, domin in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mu ma muna da masu gida mai taya, sai dai ba mai ɗaukarsu bidiyo. Direbobin manyan motoci da ke ɗauko kaya daga tashar jiragen ruwa ta Tema zuwa Wagadugu da Yamai makonni suke yi a hanya, su da yaransu, tabarma a ƙarƙashin mota, buta da murhun gawayi a akwatin gefe, kwana da kwanaki a kan iyakar Paga ana jiran takarda. 'Yan matan da ke dakon kaya a kasuwannin Kumasi da yawansu a bakin shaguna suke kwana. Dokar haya ta Ghana tun 1963 ta hana mai gida karɓar fiye da kuɗin wata 6 a gaba, amma kowa ya san shekara 2 ake nema, kuma wasu masu neman daga cikinmu suke, a sahu ɗaya muke sallah da su. Zaurukan da kakanninmu suka gina domin baƙo, ɗaya bayan ɗaya muna toshe su muna mayar da su shaguna. Idan muka ci gaba a haka, yaron da ke kallon bidiyon nan da sha'awa ba zai samu motar Ba'amurke ba, amma zai samu rashin wurin kwanansa.

Don haka kiranmu biyu ne. Ga matasa: in kun ga mai gida a mota yana murmushi, ku tambayi abin da dattijo ya tambaya, ruwa da masai da ciwo, ku ƙara da adireshi da tsufa, sa'an nan ku yanke hukunci. Wanda tafiya ta kama shi ya tafi, arziki ba ya zuwa wa na kwance, amma ya san ayarinsa, ya san mai masaukinsa, ya bar wa na gida labarin inda yake. Ga iyayenmu masu gidaje da shugabannin zanguna a Ghana da Togo da Kamaru da Chadi da Sudan: kowane gida babba ya bar ɗaki guda na baƙo, kowane masallacin tasha ya samu famfo da banɗakin da direba zai shiga ba tare da wulaƙanci ba, kuma a sassauta wa 'yan haya. Abin da Amurkawa suka sha wuya kafin su ƙirƙiro a hamadar Arizona, mu gadonsa muka ci, sakaci ne kawai zai raba mu da shi.

Saurayin nan kuwa, washegari dattijo ya aika aka kira mai gidan hayarsa. Aka zauna a zaure, aka sha shayi, aka yi magana mai tsawo, mu muna gefe da alƙalami. Aka tashi a kan zai biya na wata 6, saura kuma wata-wata, muka rubuta, shaidu biyu suka sa hannu. Har yanzu yana kallon bidiyonsa, sai dai yanzu shi ne yake fara tambayar abokansa ina tankin yake.

Allah Ya kai matafiya masaukinsu lafiya, Ya ba mazauna zuciyar karɓarsu. Wanda yake da abin ƙari ko gyara, musamman 'yan'uwanmu direbobi da waɗanda ke zaune a Amurka, muna saurare. Wassalamu alaikum.